Kwabban Rufin Ɗakin Inna

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Malam Madori ya ji labarin rufin ɗakin Inna mahaifiyarmu, ko yana so ko ba ya so. Kafin baƙo ya gama shan ruwa za ta nuna sama ta ce, "Ka ga kwanon nan? Gumina ne. Kuɗin ƙuli-ƙulina ne suka yi shi." Mu da muka tashi da zancen har mun haddace inda take tsayawa ta ja numfashi.

Tun zamanin Turawa take tara kwabbai masu huji, farare da jajaye. Sai ta zura su a igiya kamar tsakiya, ta binne a tukunya ƙarƙashin gado. Burinta ɗaya ne, ta rabu da yoyon damina. Da aka yi shela cewa an sake kuɗi, kowa ya kai tsofaffin a musanya masa, Inna ta ce ita ba ta taɓa jin inda kuɗi suka mutu ba. Sai da tukunya ta cika ta tono abinta, ta damƙa wa Babanmu, Malam Tanko kafinta. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ya dawo da kwano sabo fil. Shi kaɗai ya yi rufin, ya ƙi yarda kowa ya hau ya taya shi.

Akwai labari na biyu da take haɗawa da wannan. A makon ne aka sace wa Baba kekensa a tasha. Shekara da shekaru tana yi masa tsiya.

"Malam, mutum da idonsa biyu a ɗauke keke a gabansa? Da ni ce aka yi wa haka, ai da gari ya ji."

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "To ai shi ya sa Allah ya ba ni ke." Haka ya riƙa zuwa aiki ƙauyuka a ƙafa, akwatin kayan aiki a ka, har na yi wayo ina ganinsa.

Bayan rasuwarsa da shekara shida kwanon ya gaji, ya fara zuba. Na kira Nomau mai rufi. Da hantsi ya hau, bai jima ba na ji ya ƙwala mini kira.

"Gaje! Zo ki ga ikon Allah. Babanku da kuɗi ya yi rufi!"

Ya miƙo mini ƙusa. A wuyanta akwai kwabbai uku, sun yi baƙi, amma tauraron da ke jiki yana nan. Ya ce kowace ƙusa haka take, wata biyu, wata uku, an sa su ne don kada ruwa ya bi ramin ƙusa. Nan take na gane. Ashe ba a karɓi kuɗin ba, lokacin musanya ya riga ya wuce. Abin da tsohuwa ta fi taƙama da shi a duniya ne Nomau yake ɓamɓarewa da hamarsa, yana ta washe baki.

Na ce, "Nomau, don Allah rufe bakin nan naka, ka zuba su a aljihu."

Ina! Yanzu babu igiyar da ke riƙe da su. Ɗaya ya gangaro daga kan kwano, ya yi ta birgima har gaban tabarmar Inna. Ta ɗauka, ta goge da bakin zane, ta kai shi kusa da ido. Ta ce a kawo mata sauran. Nomau ya juye mata su a faifai.

Ta daɗe tana juya su da yatsa. Ni dai na tsuguna ina neman ƙaryar da zan yi, ban samu ba. Tausayinta ya cika ni, har na ji haushin Baba da bai jefa su a rijiya ba.

Can ta ce, "Gaje, da me ya sayi kwanon?"



Sai ta dafe baki. "Keken," ta ce. "Wayyo Malam. Ni kuma na yi ta yi masa gori." Hawaye suka zubo mata, tana kuka tana dariya. "Kuma ya bar ni ina ta cika baki a gaban baƙi, yana zaune yana gyaɗa kai!"

Na ce, "Inna, ai ba ki yi ƙarya ba. Kuɗinki ne suka riƙe rufin nan, iska ba ta taɓa ɗaga shi ba."

Ta harare ni, ta share fuska, ta ɗaga murya. "Kai Nomau! In ka zo buga sabon, ka mayar da su yadda ka same su. Ɗaya ya ɓata, ni da kai ne."

Washegari wata maƙwabciya ta shigo ganin aiki. Inna ta nuna sama kamar kullum, ta ja numfashi a inda ta saba, sannan ta ce, "Kin ga kwanon nan? Bari in ba ki labarin wani keke."