Ɓaraguzan Rufin Malam Lurwanu

Tun da Malam Lurwanu ya iso Makka a ƙafa daga Sakkwato, kullum maganarsa ɗaya ce: baɗi zai koma gida. Shi ya sa bai taɓa yarda a gyara rufin ɗakinsu na unguwar Nakkasa ba, har ruwan sama ya zo ya rufta da shi.

Matarsa Sa'adatu ba ta tsaya shawara ba. Ta ɗauko hayar Yunus mai jakuna ya kwashe ɓaraguzan, don keken jaki ba ya iya hawa tudun unguwar.

Tun hantsi Malam ya kasa zama. Ya leƙa lungu, ya dawo, ya ɗauki buta, ya ajiye. Da Yunus ya iso ya fara cika mangala da ƙasa da ruɓaɓɓun itatuwa, sai Malam ya riƙe masa hannu.

"Dakata tukuna. Wa ya ce sabon rufi za a yi?"

"Ya ammi, rana tana yi," in ji Yunus, yana kiransa baffa da Larabci. "In kwashe ko in tafi?"

Sa'adatu ta leƙo ta ce, "Malam, 'ya'yanka ko faɗa da Larabci suke yi. A rufa mana kai tukuna. Ran da Allah Ya kawo tafiyar, sai mu bar wa wani ɗakin."

Malam ya daɗe yana kallon sarari ta inda rufin ya faɗo. Can ya saki hannun Yunus, ya tattare rigarsa, ya karɓi shebur. Ya yi ta cika mangala har jakin ƙarshe ya gangara, shi ma ya bi bayansa zuwa kwarin da ake zubarwa.