Akuyar da Aka Bari a Gidan Baba Jibo

Tun daga bakin garin Magarya Zuwera ta fara sauri, har mijinta Mutari tela ya ce mata ta sassauta, akuya ba fiffike gare ta ba. Ba ta ko waiwayo ba. Wata huɗu ke nan rabonta da jar akuyar da uwarta ta ba ta, kuma yau ce ranar da tsohon mai gidan hayarsu ya ce su zo su karɓa.

Shekara biyu da suka wuce, lokacin da cinikin gyaɗa ya buɗe, motocin Nasara na ta kwasar buhuna, Mutari ya ɗauko keken ɗinkinsa daga Dungas suka kama hayar ɗaki a gidan Baba Jibo. Shi kuwa Baba Jibo ba ya ba baƙo ɗaki sai an danƙa masa wani abu, wai ko da za a ɓata masa gini a gudu. Lanho, harajin Nasara, ya riga ya share musu aljihu a shekarar, sai Zuwera ta kwance akuyarta ta miƙa masa igiya. A gidan akuyar ta haihu sau biyu, kowane karo ƴaƴa biyu. Da suka tashi komawa gida, ya ce su bari ya duba ɗakin tukuna, su dawo da rani.

Suka tarar da shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Dungas. Zuwera dai kunnenta na cikin gida, inda take jin kukan akuyarta.

"Baba, mun zo karɓar kayanmu," in ji Mutari.

"Wane kaya? Zo ka ga aikinku."

Ya kai su bayan ɗakin da suka zauna, ya nuna inda damina ta zaftare yaɓen bango tun daga sama har ƙasa. Ya ce akuya ta tafi a bakin wannan ɓarnar, ƴaƴan kuwa a turkensa aka haife su, nasa ne.

"Baba, mu muka yi ruwan saman?" Zuwera ta tambaya.

"Ku kuka kwana a ƙarƙashinsa, ƴar nan."

Mutari mutum ne mai sanyi, ya fara cewa ko a bar wa Allah. Zuwera ta dube shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran maganar. Ba su zame ko'ina ba sai zauren mai unguwa Haruna, maƙwabta na biye da su, don kowa na son ya ji yadda za a ƙare.

Mai unguwa ya saurari kowa har ƙarshe, sannan ya yi tambaya guda.

"Jibo, akuyar nan kiwo aka ba ka, ko jingina?"

Zuwera ta kasa kunne. Ta san in aka ce kiwo, mai kiwo na da rabonsa cikin ƴaƴa. Baba Jibo kuwa wani lissafin yake: in ya ce kiwo, yau ɗin nan zai saki uwar, babu zancen bango.

"Jingina ce, ranka ya daɗe."

"Ka tuna dai da kyau."

"Jingina. Kowa ya shaida, jingina na ce."

"To, an shaida," in ji mai unguwa. "Jingina tana zama a hannunka har a gyara abin da ya ɓaci. Amma ɗan jingina uwarsa yake bi. Ranar da aka yaɓe bangon nan, uwa da ƴaƴa duk su koma wa mai su. Da kiwo ka ce, da ka tashi da rabonka."

Zaure ya ɗauki dariya. Baba Jibo ya ce to, amma yau za a yaɓe, kafin rana ta faɗi, don shi ba zai ƙara ciyar da awakin wani ko na kwana ɗaya ba. In ba a gama ba, an bar masa ke nan. Ya kalli hannuwan Mutari ya yi murmushi.

"Mu ga yadda hannun allura ke kwaɓa ƙasa."

Kafin Mutari ya ce uffan, Zuwera ta amsa daga inda take durƙushe. "Mun yarda."

Ta ɗaure ɗamara da gyalenta, ta ari tulu ta nufi rijiya. Mutari ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya ari galma ya shiga haƙar ƙasa a kududdufin bayan unguwa. Da farko mutane kallo kawai suke. Can sai wani mai jaki da Mutari ya taɓa yi wa ɗinkin salla ya koro jakunansa biyu da mangala. Matan da suka sha daka tare da Zuwera suka fito da tuluna. Wani ya kawo ƙaiƙayi aka zuba a kwaɓin, aka shiga tattakewa ana waƙa, ƙasa na fallatsa har kan masu kallo. Zuwera ta yi sawu goma sha ɗaya a rijiya, wuyanta kamar zai karye, amma duk sanda ta wuce turke sai ta ce wa akuyar, "Yi haƙuri, yau gida za ki kwana."

Baba Jibo na ta zagaye yana cewa nan bai yi kauri ba, can ya karkace. Duk inda ya nuna, hannu uku ne ke kai masa curin ƙasa, har ya rasa abin nunawa. La'asar sakaliya mai unguwa ya zo, ya shafa bangon da tafinsa, ya ce ko ɗakin kumandan, Baturen mulki, sai haka.

Zuwera ta shiga ta kwance awakinta biyar. A bakin turken ta ga Aisa, matar Baba Jibo, wadda ita ce ke ba su dusa da harawa tun da su Zuwera suka tafi, tana tsaye ta juya fuska. Zuwera ta zaɓi ƴar burguma mai farin goshi ta saka igiyar a hannunta.

"Inna, wannan taki ce. Taki, ba ta gida ba."

Aisa ta riƙe igiyar da hannu biyu, ta yi ta sa mata albarka. Suka fito da huɗu, Mutari na baya jiki duk laka yana korar ƙananan, Zuwera na gaba tana jan uwar, suka kama hanyar Dungas.