Rabon Ɗakin Mata

Shekara tara Atiku ɗana yana Jidda yana ɗinki. Wani alhajin garinmu Banga ya dawo yac ce mani, "Gwaggo Indo, yaronki ya rame." Shi ko Atiku ya aiko lahiya lau yake, wai har ya sa hotonai cikin intanet. Nic ce sai na gani da idona. In na ga rama, in sai da shanuna biyu a maido mani shi gida.

Ran kasuwa nit tahi Ƙaura, shagon kwamfuta na Muhtari. Muhtarin nan wata bakwai ina ba shi nono sadda uwatai Kulu ta kwanta ciwo.

Lokacin an raba maza da mata. Kwamfuta takwas wajen maza, guda ta mata bayan labule. Nan yaz zaunar da ni. Hoton ya fara saukowa daga sama, layi-layi. Hula. Goshi. Sai yat tsaya.

"Muhtari, ina sauran ɗana?"

"Gwaggo, intanet ɗin rabo aka yi mata, kamar ruwan fadama. Akwatin can shi ka ba kowane ɗaki nashi. Mai haɗa muna daga Gusau yac ce mata ba su zuwa, ya bar ma ɗakinku ɗan kaɗan."

"To buɗe mani."

"Lambar buɗewa tana hannunai."

"Kai ni wajen mazan."

Ya leƙa. Shago cike. "Gwaggo, a rufe mani shago?"

"Ni da ba haƙori a baki? Sadda kake tsotsona ban auna maka ba, ɗan nema."

Yai dariya, bai ɗaga labulen ba. Yac ce in dawo sadda ba mutane.

Har la'asar ina kallon goshin nan. Goshi ba ya faɗin rama. Motar Banga tat tashi, na bi ta. Ga shuka ta kama, nic ce na dawo bayan noman farko.

Bayan kwana ashirin da shida anka aiko Atiku ya rasu.

Muhtari ya zo gaisuwa da hoton, ya fidda shi a takarda. Ya aje gabana, bai iya duba na ba. Kumatun Atiku sun faɗa, wuyan kamar kara, yana ta murmushi don kar in gane.

Da hoton ya buɗe ran nan, kallo guda da na gane. Shanun suna nan ɗaure bayan ɗaki.