Ledar Ruwa Mai Shuɗin Murfi

Bas ɗin ta riga ta fara tafiya lokacin da Baba Direba ya cafki ƙarfen ƙofa ya jefa kansa ciki, takalminsa ɗaya na neman zamewa. Kwandasta ya ce, "Haba Baba, so kake ka ja mana magana da safen nan?" Bai ko kalle shi ba. Ya matsa kusa da wata mata mai kwandon tumatir a cinya, ya ciro waya, ya danna, ya kai ta bakinsa.

"'Yan uwa, ku saurara. Sun kai jikata asibitin nan. Wanda kuka sani. Ina kan hanya."

Kafin ya sauke hannu wayar ta fara kuka, saƙo na bin saƙo.

Rabin rayuwarsa a bayan sitiyarin irin wannan bas ya yi shi, har idonsa ya fara hazo 'ya'ya suka ce ya huta. Bai daɗe da ajiye aiki ba matarsa ta rasu a babban asibiti. Masu ta'aziyya suka watse, gidan ya yi masa faɗi. Da rana yakan zauna a tsakar gida yana kallon igiyar shanya, ba abin da ke kanta. A wannan lokacin ne wani maƙwabci ya saka lambarsa a wani zaure na waya mai suna Masu Ido Buɗe.

Shugaban zauren, wanda kowa ke kira Farfesa ko da yake ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, ya bayyana musu komai dalla-dalla. Ya ce masu mulki suna sane da unguwannin da suka ƙi zaɓarsu. Duk wanda ya je asibiti daga irin waɗannan unguwanni, da an ga adireshinsa sai a ɗaura masa ledar ruwa mai shuɗin murfi. Sauran mutane kuwa farin murfi ake sa musu. Nan take Baba Direba ya tuna. Da idonsa ya ga ledar da ke rataye a kan gadon matarsa, kuma shuɗi ne murfinta.

Ranar ya yi barcin da bai yi ba tun rasuwar. Ashe ba haka kawai ta tafi ba. Ashe akwai wanda ya yi, akwai dalili. Da ya ba da labarinsa a zauren, mutanen da bai sani ba suka yi ta yi masa gaisuwa, wasu har da kuka a murya. Suka sa masa suna Babanmu. Kullum da safe sai an tambayi ya ya kwana.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ce ta fara ja da shi. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta turo masa bayanan likitoci. Ya ce mata, "Su ma ai nasu ne." Daga baya ta daina kawo maganar, sannan ta rage zuwa. Yau ma ba ita ta kira shi ba, mijinta ne, murya ƙasa-ƙasa: zazzaɓin Mami ya yi zafi har ta shiɗe, an ba ta gado. "Ta ce kada a gaya maka, Baba, amma ni dai na ga bai kamata ba."

Sunan marigayiyar aka sa wa yarinyar, shi ya sa ake ce mata Mami. Shi kuwa Uwargida yake kiranta, ita kuma ta ce ba ta son miji mai sanƙo.

Ɗakin yara yana can ƙarshen baranda, bayan wurin karɓar magani. Warin maganin wanke ƙasa ya tare shi tun daga ƙofa. Fanka ɗaya ce ke juyawa, iyaye mata na yi wa 'ya'yansu fifita da kwali. Ya hango Auta zaune a bakin gado, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba. Mami na kwance, leɓenta a bushe, an naɗe bayan hannunta da filasta. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen da ke gefen gadon.

Shuɗi.

Bai san lokacin da ya isa wurin ba. Ya kai hannu kan siririyar robar da ta sauko daga ledar.

"Baba!" Auta ta miƙe ta shiga tsakaninsa da gadon. "Baba, don Allah. Don girman Allah."

"Matsa. Abin da suka sa wa uwarki ke nan."

"Duba ɗakin nan, Baba. Duba! Kowa irinta aka sa masa."

Ya duba. Gado bayan gado, duk shuɗin murfi. Amma Farfesa ya riga ya amsa wannan tun tuni.

"To ai talakawa ne duka," in ji Baba Direba. "Wa kika ga ya zaɓi masu mulkin a nan?"

Wani hannu mai nauyi ya sauka a wuyan hannunsa, ba da ƙarfi ba, amma bai saki ba. Wata nas ce babba, mai jiki, tabarau na rataye a wuyanta da zare. Matan ɗakin Sista suke ce mata.

"Baba, in ka cire wannan sai na sake neman jijiya, kuma da ƙyar na samu wannan ɗin. Yarinyar ta sha huda yau." Ta sa tabarau ta ƙare masa kallo. "Tsaya. Kai ne direban nan ko?"

Ya fizge hannunsa. "A ina kika san ni?"

"Ɗakin mata nake a da. Matarka ta kwanta a gadon da ke jikin taga. Ranar da ka zo ka tarar an lulluɓe ta da mayafi, ka ɗaga murya har masu gadi suka shigo. Na so in yi maka magana, ba hali." Ta jawo kujerar roba da ƙafa. "Zauna. Tsayuwar nan taka tana tsorata min yara."

Ya zauna. Wayar na ta rawa a aljihunsa.

Sista ta duba ɗigon ruwan, ta ɗan murza abin rage gudu, tana magana ba tare da ta kalle shi ba.

"Ranar ka fita neman wani magani da ba mu da shi. Da jikin ya fara canzawa na ɗauki wayarta zan kira ka, sai ta riƙe min hannu. Ta ce, 'Yar nan, bar shi. In kika kira shi zai rikice ya ce wa mai mota ya yi gudu. Mutumin da tunda ya fara tuƙi ko keke bai taɓa wucewa ba, yau in aka yi gudu da shi zuciyarsa ce za ta tsaya.' Ta ce fasinjoji Kunkuru suke ce maka, kuma in ana son ganin fushinka a faɗa a gabanka."

Auta ta rufe baki da hannu. Wani sauti ya kuɓuce wa Baba Direba, shi ba dariya ba, shi ba kuka ba.

"Ita kaɗai ke faɗa min a gida," ya ce. "In na daɗe a banɗaki."

"Dariya take yi lokacin da take ba ni labarin. Muna cikin hirar ta ce barci take ji. Ina riƙe da hannunta. Ba ta sha wuya ba, Baba. Wallahi ba ta sha ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon tsagar da ke simintin tsakanin ƙafafunsa. Sannan ya ɗago.

"To me ya kashe ta?"

"Zuciyarta ta daɗe da kumbura. Kuma ranar tukunyar iskar numfashi ɗaya ce ke aiki a ɗakin, tana kan wata mata. Mun yi ta kai kuka sama, ba wanda ya waiwaye mu." Ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta. "Ba zan ce maka na sama ba su da laifi ba, ni ma ina da nawa fushin. Amma ba wanda ya tambayi wa ta zaɓa. Ba wanda ya aiko a yi mata komai. Baba, ba su ma san da ita ba."

Wata mata ta kira Sista daga can ƙarshen ɗaki, ta tafi tana jan silifa.

Ba su ma san da ita ba. Maganar ta fi ta Farfesa ciwo. A ta Farfesa, aƙalla wani babba a wani ofis ya san da matarsa, ya ji tsoron ƙuri'arta har ya sa a kawar da ita. A wannan kuwa, tukunyar iska ce kawai ta lalace.

Ya ciro wayar don ya samu abin kallo. Saƙonni sun taru. Babanmu ka ɗauki hoton ledar. Babanmu ka ɗauki fuskar nas ɗin, mu yaɗa ta. Kada ka sha ko ruwansu. Ya yi ta ja da yatsa yana neman wani abu, bai san mene ne ba sai da ya kai ƙarshe bai same shi ba. Ba wanda ya ce ya jikin yarinyar.

Na ƙarshe daga Farfesa ne, saƙon murya. Ya kara a kunne.

"Babanmu, ka daure. Kada ka cire ledar. Ka bar ta, ka kunna bidiyo. In wani abu ya samu yarinyar, to wannan ita ce hujjar da muka daɗe muna jira."

Ya sake sauraro, ko kunnensa ne. Ba kunnensa ba ne.

Ya kife wayar a cinya. Auta ta koma bakin gado tana goge wa Mami goshi da jiƙaƙƙen tawul. Sai a lokacin ya lura da yadda ta rame.

"Kin ci wani abu?"

Ta girgiza kai.

"Kawo tawul ɗin. Je ki nemi ko shayi ne."

Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta kalli ledar.

"Ba zan taɓa ba," ya ce. "Je ki."

Ta miƙa masa tawul ɗin. A bakin ƙofa ta waiwayo, ta ga yana matse shi a cikin roba, a hankali, kamar yadda yake yin komai.

Rana ta karkata kafin zazzaɓin ya sauka. Gumi ya keto wa yarinyar, gashinta ya manne a goshi. Ta buɗe ido, ta bi silin da kallo, ta sauke su a kansa.

"Kaka."

"Na'am, Uwargida."

"Ina hularka? Kowa na ganin sanƙonka."

Matar gadon kusa ta fashe da dariya. Ya shafa kai, sai yanzu ya gane a bas ya bar ta. Auta ta kifa fuska a katifa, kafaɗunta na girgiza, ya ɗora hannu a bayanta ya bar shi a nan.

Da Mami ta koma barci, ya fita baranda ya zauna a benci. Ya danna wayar ya kai bakinsa.

"'Yan uwa, yarinya ta farka. Ruwan nan mai shuɗin murfi shi aka sa mata, kuma ta farka. Nas ɗin kuma mutuniyar kirki ce, kada wanda ya taɓa min ita. Abin da na gani ke nan."

Amsa ba ta ɓata lokaci ba. An saye shi. Dama ni tun farko ban yarda da tsohon nan ba. Nawa suka ba ka? Wani ya ce ba muryarsa ba ce, da na'ura aka haɗa. Yana cikin karantawa rubutu ya fito a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, cewa Farfesa ya cire shi daga zauren.

Wayar ta yi shiru a hannunsa. Ya zaci zai ji sauƙi. Abin da ya ji shi ne gobe da safe ba wanda zai tambayi ya ya kwana. Ya zauna yana kallon masu jinya na wucewa da kwanuka da filas.

Sai wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Baƙuwar lamba ce, ba hoto, ba suna.

"Babanmu, ni ma ina zauren. Ban iya magana a can ba. Da gaske jikin nata da sauƙi?"

Ya rubuta da yatsa ɗaya, yana kusanto da wayar idonsa. "Da sauƙi sosai. Har ta fara tsokanata."

"Alhamdu lillahi."

Ya ga alamar mutumin na rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Baba Direba ya san wannan tsayawar. Ya danna ya kai wayar bakinsa.

"Ɗana ko 'yata, ban san wanne ba ne. Kai wa ka rasa?"

Sannan saƙon murya ya shigo, dogo. Ta taga ya hango Auta ta jingina da bango tana gyangyaɗi, ledar ruwan ta kusa ƙarewa, Sista na tahowa da wata. Ya gyara zama a bencin, ya kara wayar a kunnensa mai ji sosai. Muryar mace ce, yarinya ƙarama, ta fara da sallama tana jan hanci.