Ƙullin Ciyawa a Bakin Tafki

A shekarar da kogi ya janye da wuri, tafki ɗaya ya rage wa mutanen Ashka. Tarwaɗa na juyi a lakarsa kamar masu mafarki.

Ashka ba mai magana ba ce. Aikinta fasa dutsen ƙanƙara, ta ɗaura tsininsa a bakin kibiya.

Wata safiya, raɓa ba ta bushe ba, ta hango wata tsohuwa daga cikin baƙin da suka fito daga rairayi bayan ruwansu ya ƙafe. Tsohuwar ta sha, ta ƙulle ciyawar bakin ruwa, ta ɗora goshinta a kan ƙullin, ta daɗe. Ta tafi ba ta taɓa kifi ko ɗaya ba.

Su kuwa mutanen kogi, dangin Ashka, in suka ƙulle ciyawa cewa suke: nan namu ne, wanda ya taɓa, jininsa.

"Kun gani?" in ji Toren, yayan Ashka, da ya ga ƙullin. "Jiya-jiya suka zo, yau sun ƙulle mana ruwa!"

Kawu Ulek ya kece da dariya. "Kai da zomo ya taɓa kora, kai ne za ka ja yaƙi?"

"Kawu, dariya ba ta cika ciki. Ke 'yar shiru, kibiyoyi nake so. Gobe da hantsi za mu far musu."

"Yaya," in ji Ashka, idonta a ƙasa, "godiya take yi wa ruwan."

"Ita ta gaya miki?"

"A'a."

"To, koma kan dutsenki."

Ta koma. Kowane tsini ta fasa, sai ta tuna wanda ya soki babansu a ƙugu, ya kwanta da shi har aka rufe shi da yashi. Da yamma ta dubi Toren yana gyara baka, jar rana a bayansa, ta ga kamar ƙasa ta fara kiransa shi ma.

Washegari ta riga kowa tashi. Ta kamo tarwaɗa biyu, ta ƙulle ciyawa kusa da ƙullin tsohuwar, ta ɗora goshinta a kai. Sannan ta bi sawun tsohuwar har masaukin baƙin. Ta miƙa wa tsohuwar kifin, ta zauna a gabanta, daidai inda duk wanda ya ja baka daga cikin ciyayi, ita zai fara gani.