Kaluluwar Ɗan Fari

Wata biyu bayan an yi wa Abdulbaƙi allurar lamba, ta rigakafin tarin fuka, sai kaluluwa ta fito masa a hammatar hagu. Uwarsa Na'ima ce ta fara gani wajen wanka, gabanta ya faɗi. To amma ɗan fari ne, kuma a gidansu na Ƙofar Ruwa, shanu sun ƙare tun zamanin kakanni, kunyar Fulani ce dai ba ta ƙare ba. Uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya. Sai ta miƙa shi ga surukarta, Inna Turai, tana kallon gefe.

"Inna, kamar akwai wani abu a jikin yaron nan."

Inna Turai kuwa ba a kawo mata ciwo ta rasa magani. Ta latsa wurin sau ɗaya ta yanke hukunci. "Ƙurji ne. Zan aika wa Garba wanzami, bayan la'asar zai zo ya tsaga."

Aska a jikin ɗan wata biyu! Na'ima ta ji kamar ta yi ihu, amma ina hali? Sai ta nemi dabara.

"Inna, da an fara yin hoto a asibiti, don Malam Garba ya san daidai inda zai sa askar."

Wannan shawara ta zauna wa tsohuwar. Kafin azahar suna cikin adaidaita sahu.

Likitar, wata mai fara'a, ta shafa wa yaron wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'urar hoton a hammatarsa. Ya tsandara kuka. Na'ima ta tsaya bakin ƙofa tana murɗa gefen hijabinta. Inna kuwa ta kusa cusa hanci cikin allon na'urar.

"Ni ban ga yaro a nan ba, 'yar nan. Sai toka."

"Duba nan, Hajiya," in ji likitar tana dariya. "Kin ga wannan baƙi-baƙin mai kamar ƙwayar gyaɗa? Ita ce kaluluwar. Gefenta sumul, cikinta a cike, babu ruwa. Da ta yi mugunya da kin ga tsakiyar ta narke. Allurar ce jikinsa yake amsawa, shi ya sa ta fito ta gefen da aka yi ta."

"To ina za a tsaga?"

"Babu inda za a tsaga. In aka sa mata aska, gyambo za a jawo masa. A bar ta, a hankali za ta sace. In ta yi ja ko ta yi laushi, ku dawo mana da shi." Ta waiwaya. "Wace ce uwar? Ba ta da tambaya?"

Na'ima tana da tambaya ta fi ashirin. Ta sunkuyar da kai, sai ga hawayen farin ciki yana ɗiga a kan hijabi.

Inna Turai ta dube ta. Ita ma ta taɓa haihuwar ɗan fari. Ta ajiye yaron a kan gado, ta juya wa kowa baya, ta fuskanci kalandar da ke jikin bango, ita da ba ta san bihim ba a boko.

"Ni karatu nake yi," in ji ta. "Kuma zan daɗe. Ɗauki abinki."