Kafet ɗin da Ba a Takawa

Duk unguwarmu ta Kwamba an san ni da kafet, kuma ba sanin arziki ba. Ja ne mai furanni ruwan zinare, Inna ce ta saya mini shi a Kano lokacin aurena, aka ɗoro shi a motar kaya har Suleja. Ranar da aka shimfiɗa shi a falo na dube shi na ce wallahi wannan ya fi ƙarfin ƙafar ɗan Adam. Na tafi kasuwa na yanko leda mai kauri, irin wadda ake hango abin da ke ƙarƙashinta, na lulluɓe shi bango zuwa bango, na bi gefe da salatif na liƙe.

Haka muka yi shekaru. Baƙo ya zauna, zufa ta manne shi da leda, in zai tashi sai an ji ƙara. Maigidana Ladan, mai sammakon bin bas zuwa Abuja, santsi ya sha kwashe shi da safa a ƙafa. Ya ce shi bai taɓa ganin masu kafet suna zama a kan ledar burodi ba sai a gidansa. Na ce in ya matsu ya sayo nasa ya taka.

Bakin ƙofa ne kawai ya gagare ni. Ledar wurin ta yage, in na liƙe yara su ɓalle, har na gaji. Kullum ina share wurin da tsintsiya ina masifa, ni kaina tsallake shi nake yi don kada in ƙara masa dauɗa.

Bayan rasuwar Inna aka sa bikin ƙanwata Fauziyya, ƙarshen daminar 1996. Baba ya yi ritaya, kayan ɗaki sai an haɗa hannu. Ni da ba a tambaye ni ba na miƙe gaban gwaggonninmu na ce a bar mini falon amarya, kafet ɗin Inna yana nan sabo fil. Fauziyya ta fashe da kuka, ta ce ita dama burinta ta shiga ɗakinta da abin da hannun Inna ya taɓa.

Na ɗauko Eugene, mai wanke wa otal-otal da ofisoshin Abuja kafet. Ya zo da injinsa mai zuƙar ƙura da ɗan janareta, don bai yarda da wutar unguwarmu ba. Ni kuwa har maƙwabta na kira, wai su zo su ga yadda ake adana kaya. Na nuna masa bakin ƙofa na ce nan kaɗai ke son wanki, sauran ya ɗan shafa kawai. Ya tambaye ni yaushe rabon kafet ɗin da shan iska. Na gyara ɗaurin ɗankwali na ce ai bai taɓa sha ba.

Ya durƙusa ya ja salatif.

Wari ne ya fara fitowa, irin na buhun da ya kwana a ruwa. Ya kama gefen kafet zai ɗaga, gefen ya biyo hannunsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Ƙarƙashin baƙi ƙirin da fumfuna, gara ta yi hanyoyinta son ranta. Ya ce simintin ɗakin ne ke tsotso laima duk damina, ledar kuma ta hana ta fita. Nan take maƙwabtan nan kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Kunya ta sa ni taurin kai. Na ce aikinsa aka kira shi ya yi, ba wa'azi ba, ya kunna inji. Ya kunna. Ina tsaye ina kallo inji ya haɗiye furen zinare guda, ya bar siminti. Da bakina na roƙe shi ya kashe.

Ya bi falon yana dannawa da yatsa har ya isa bakin ƙofa.

"Madam, nan lafiya lau yake. Shi ne ake sharewa, yana shan iska."

Wato wurin da na yi shekaru ina zagin 'ya'yana a kansa. Ya yanke shi, ya wanke da sabulu da buroshi, ya shanya. Ja ya dawo jawur. Na kai wa tela ya daje bakin. Duka-duka bai wuce darduma ba.

Da Fauziyya ta zo ganin kafet ɗinta ta tarar da falo siminti tsirara. Na miƙa mata ɗan abin a naɗe, na gaya mata komai ba ƙari. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta shimfiɗa shi, ta cire takalmi, ta hau. Wallahi saura kaɗan bakina ya ce ke ɗaga ƙafarki.

"Yaya," ta ce, "ashe haka yake da laushi?"

Ni kaina ban sani ba. Ta matsa gefe ta ba ni wuri. Na cire silifas na ɗora ƙafa, karo na farko tun da Inna ta ba ni shi, sai ga ni ina kuka fiye da amarya.